Golf Na Faifai: Yadda Za Ka Fara Ba Tare Da Ka Sha Kunya Sosai Ba

Idan tafiya ta kai ka Amurka ko Finland, ka shiga wurin shaƙatawa ka tarar da magidanta da gemunsu suna jifan kwandon ƙarfe da faifan roba, kada ka kira 'yan sanda. Lafiyarsu ƙalau. Golf na faifai suke yi. Ka tsaya inda aka ce, ka wulla faifai, ka bi shi, ka sake wullawa daga inda ya faɗi, har ya shiga kwando. Fili yakan ɗauki kwanduna 9 ko 18, wanda jifansa ya fi ƙaranci shi ya ci. Yawancin filayen kyauta ake shiga, saboda haka asararka ba za ta wuce faifai da ɗan mutunci ba.

Ka haddace suna ɗaya don ranar hira: Ed Headrick. Shi ya kafa fili na farko a Oak Grove da ke Kalifoniya a 1975, shi kuma ya ƙirƙiro kwandon nan mai sarƙoƙi da ke tare faifai su sauke shi ciki. Da ya mutu a 2002, bisa wasiyyarsa aka cuɗa tokar gawarsa cikin roba aka buga faifai da ita. Kai ba a neman wannan sadaukarwa daga gare ka.

A shago za a nuna maka faifai iri uku: na dogon zango mai kaifin baki, na matsakaicin jifa, da mai kaurin baki na jefawa cikin kwando. Zuciyarka za ta ce ka ɗauki na dogon zango, domin shi ne na manya. Ƙarya take yi maka. Wannan faifan sai hannu mai gudu, idan kuwa bai samu ba, yana barin hannunka na dama zai karkata hagu ya dasa baki a ƙasa, kusa da inda takalminka yake. Sayi na matsakaici guda ɗaya tak. Lambobi huɗu da ke jikinsa suna bayanin gudu da shawagi da karkata ne. Ka dube su, ka gyaɗa kai kamar ka gane, ka biya kuɗi. Kuma don Allah kada ka zaɓi kore. Ciyawa ma kore ce.

Sai maganar bishiya. Za ka ga rata tsakanin bishiyoyi biyu wadda tirela za ta wuce ba ta goga ba, ka auna, ka saki, ka ji ƙwas! Wannan ba ya hana ka zama gwani, muddin ka tanadi uzuri tun daga gida. Iska ce uzuri mafi albarka, don babu mai iya kiranta shaida. Rana ta shiga ido ma tana aiki, amma ka fara duba sama tukuna.

Rubuta sunanka da lambar wayarka a bayan faifai, haka 'yan wasan ke yi. Doka ta ba ka minti 3 na nema, bayan nan faifai ya zama ɓatacce, a ƙara maka jifa ɗaya na tara. Idan kududdufi ya faɗa, yi masa addu'a ka wuce. In ka ga ya nufi ƙeyar wani bawan Allah, ka ƙwala "Fore!" da iyakar muryarka, sannan ka juya ka kalli abokinka da mamaki.

Uwargida za ta tambayi inda kake ɓacewa kowace Asabar. Kana iya gaya mata cewa a 2021 gwanin wasan nan Paul McBeth ya sa hannu da kamfanin faifai na Discraft kan dala miliyan 10 na shekara 10. Ban ba ka shawarar haka ba, domin tambaya ta gaba ita ce naka nawa.

Idan abin ya faskara, koma kallon tsuntsaye. Wuyanka ya riga ya saba da leƙen rassa, kuma kana cikin hakan wataƙila ka hango faifanka na makon jiya.