Takarda Zuwa ga Ƙwallon Lambu, daga Kuki

Zuwa ga Mai Girma Ƙwallon Lambu, wanda Turawa ke kira golf.

Bayan gaisuwa ta ladabi da tambayar lafiyar ciyawa, wannan takarda ta fito daga hannun wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi wa Mai Girma hidima shekara ashirin a filayen Kaduna da Zariya, wanda yanzu ya yi ritaya ya koma garinsu Kuki a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, kuma manufarta ita ce sanar da cewa daɗin da ke tsakaninsu ya tsere ba tare da an yi cacar baki ba, saboda haka ya zama wajibi a duba ko zaman zai ci gaba.

Matsala ta farko tana cikin sunan da Hausawa suka raɗa wa Mai Girma, domin a wannan yanki, inda madatsar ruwa ta Zobe take zaune a kan kogin Karaduwa tun 1983, lambu wuri ne da ake ba ruwa don a ɗebi tumatir da albasa da tattasai, kuma babu wanda ya yarda akwai lambun da ake shayarwa duk rani amma ba a taɓa fita da ko kwando ɗaya daga cikinsa ba. An yi wa dattawan majalisa bayani dalla-dalla, cewa filin yana da rami 18, cewa doka ba ta yarda mutum ya riƙe sanda fiye da 14 ba, cewa ƙwallon bai kai giram 46 ba, ramin kuma faɗinsa bai cika santimita 11 ba, sannan gwani shi ne wanda ya gama zagayen da bugu mafi ƙaranci. Wannan sharaɗi na ƙarshe ne ya jawo fatawar da har yau ba a sami amsarta ba, wato idan ƙarancin bugu shi ne gwaninta, to wanda ya zauna a gida bai buga ko ɗaya ba ya fi kowa iyawa.

Ba za a yi wa Mai Girma gorin baƙunta ba, tunda filin Rayfield na Jos, wanda ake ɗauka shi ne mafi tsufa a ƙasar nan, yana nan tun 1913, zamanin Turawan kuza. A filaye da dama na Arewa ma ya yi shigar gida, inda aka maye lallausar ciyawar bakin rami da yashin da aka kwaɓa da baƙin mai, yaro yana jan abin shara a kai kafin kowane bugu, mai wasa kuma ya koma gida bakin wandonsa yana warin gareji. Sai dai ƙasar Katsina tun tuni ta zaɓi ƙwallon dawaki, wato folo, daga zamanin Sarki Muhammadu Dikko zuwa na ɗansa Usman Nagogo, kuma hikimar zaɓin a fili take, domin a can doki ne ke ɗaukar mutum ya kai shi wurin ƙwallo.

Yadda daɗin ya mutu kuwa, a hankali ne, kamar wutar kara da aka manta ba a iza ba. Alamar farko ita ce mai takarda ya fara jin sanyi a ransa duk Asabar ɗin da hadari ya haɗo. Daga nan rangwame ya zama abin zullumi, wato adadin bugun da ake yafe wa mai rauni don ya iya karawa da gwani, wanda a da yake raguwa ana murna, ya koma hauhawa kamar farashin taki. Sai kuma karkarwar da ke kama wuyan hannu idan ƙwallo ya rage taku biyu ya faɗa rami, har kadi, wato yaron da ke ɗaukar jakar sanduna, yakan kawar da kai ya dubi sama don kunya. Amma abin da ya fi waɗannan nauyi, wanda sai bayan ritaya ya bayyana, shi ne cewa rabin son da ake wa Mai Girma na inuwar da ake zama bayan wasa ne, inda babban sakatare kan zauna ba hula, fayil ɗin da ya kwana wata uku a kan tebur kuma ya motsa da kalma ɗaya. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, ga shi goben ta zo ta wuce, aka bar mutum da tukunya.

An gwada ci gaba da atisaye a Kuki, a wani fako bayan gari, tunda cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya mai da tafiya birni don buga ƙwallo abin da ba a iya faɗa wa iyali da babbar murya. Dokar 2019 ta rage lokacin neman ɓataccen ƙwallo daga minti biyar zuwa uku, amma waɗanda suka rubuta ta ba su taɓa nemansa a cikin ƙarangiya ba, inda cire ƙaya daga safa kaɗai yake cin minti goma. Wani makiyayi da ya ga dattijo da sanda yana sunkuye yana dube-dube cikin sabara ya tsaya ya yi masa jaje, ya tambaye shi, “Baba, guda nawa suka ɓace?” Tambayar ba ta da laifi, domin yawo a rana da sanda a bayan abin da ba ya jin kira aiki ne sananne a nan, bambancin kawai shi makiyayi yana komawa da nono.

Dalilan zama ba su da yawa. Sandunan sun ci kuɗi, likita kuma ya ba da shawarar tattaki, wanda zuwa gona da dawowa ya wadatar. Masu cewa bari alamar gazawa ce sai su tuna Bobby Jones na Amurka ya ajiye gasa a 1930, Lorena Ochoa ta Meziko kuma a 2010, dukansu suna da shekara 28 kuma suna kan gaba a duniya, ko da yake adalci ne a ambata cewa mai takarda bai taɓa zama kan gaba ba ko a cikin mutum huɗu. Misalin da ya fi dacewa da shi na mahaifar Mai Girma ne, Sikotland, inda aka haramta wasan a 1457 zamanin Sarki Jemis na Biyu saboda yana shagaltar da mutane daga koyon harbin baka, jikansa Jemis na Huɗu ya sabunta haramcin a 1491, sannan a 1502 shi da kansa ya sayi sanduna daga hannun mai sassaƙa baka. Idan sarki ya yi amai ya lashe, bai kamata talaka ya yi rantsuwa ba.

Saboda haka ba a sallami Mai Girma ba, an dai mai da shi saura, wato gonar da ta gaji aka bar ta ba shuka har ƙarfinta ya dawo, kuma wa'adin shi ne sai an kai amfanin bana rumbu. Idan a lokacin ƙafa ta yi ƙaiƙayin fili za a dawo, idan kuma shiru, to shirun ya isa sanarwa. A halin yanzu mai takarda ya koma dara a gindin dalbejiya, wadda take da rami 30 a wurin da bai fi tabarma ba, ga ta ba kuɗin rajista, ko da yake uwargida ta ce ba a rabu da Bukar ba.

Jakar tana rataye a zaure cike da irin wake, ƙwallaye shida suna hannun jikoki, sanda mai lamba bakwai kuma an ba da aronta ga mai korar awaki daga shanyar gero, bisa sharaɗin ya dawo da ita bayan kaka.

Wassalam, daga tsohon hadimin Mai Girma,
Kuki.