Sabulun da Ya Ƙi Kumfa

Jiya da rana tsaka, a birnin Seoul, a gaban tsohuwar da ta yi jika da kamata, na wanke hannu a cikin miyar mutane. Hannu biyu, har da cuɗawa.

Gara in faɗa da bakina tun kafin ɗan ƙanwata ya riga ni kai labarin gida, don na san halinsa, yanzu haka yana can yana ƙara masa gishiri.

Yadi na zo dubawa a kasuwar Dongdaemun, shi kuma yaron karatu yake yi a nan, sai ya zama tafintana. Tun da na sauka kullum Itaewon yake ja na, gefen babban masallacin nan da aka buɗe a 1976, yau shinkafar 'yan Pakistan, gobe gasasshen naman Turkawa. Na ce masa, kai, ni fa Koriya na biya wa kuɗin jirgi, ka kai ni inda 'yan gari suke ci. Ya ce, "Kawu, akwai wani lungu a bayan kasuwa, kifi kawai suke gasawa, ba fargabar alade." Na ce mu je.

Lungun matsattse ne, kowace ƙofa da murhunta a waje, kifi yana ta tsartuwa a kan dunƙulen kwal mai huji-huji da suke kira yontan. Muka kutsa wani ɗan shago da teburansa ba su cika yatsun hannu ba. Ɗan gidan ne a bakin wuta, matarsa ke kai da kawo da faranti, uwarsa tana can ciki wajen tukwane, wata 'yar jika kuma ta baje littattafai kusa da akwatin kuɗi tana aikin makaranta. Kafin mu gama cire rigunan sanyi an cika mana tebur da ƙananan kwanoni: kimci ja wur, tsiron wake, alayyafo da man riɗi, wasu mitsi-mitsin busassun kifaye masu ido a buɗe, ganyen teku. Ga shinkafa a rufaffen kwanon ƙarfe, ga miya tana tafarfasa a cikin baƙar tukunyar ƙasa, ƙamshinta sak daddawa. Yaron ya ce duk ƙananan kwanonin nan kyauta ne, kuma in sun ƙare a ƙaro. Na ce lallai mutanen nan 'yan albarka ne.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Uwarsa ce daga Kano, ta idar da sallar asuba, tana so ta ji ko ana ba wa yayanta abinci a ƙasar mutane. Ya fita waje don ya ji ta sosai. Ni dai har gobe ina ganin da hannun ƙanwata a cikin abin da ya biyo baya.

Fitarsa ke da wuya sai ga tsohuwar nan da kanta ta fito daga madafa, riƙe da wani faffaɗan kwanon silba da hannu biyu. Ta dire shi a gabana, daidai ƙirjina, ta ja da baya kaɗan ta harɗe hannuwa tana murmushi.

A nan ina so duk mai adalci ya saurare ni. Babu cokali a kan teburin nan, ko ɗaya. Babu sandunan cin abincin nan nasu. Ga kifi mai ƙaya an ajiye, wanda duk ɗan halak ya san da hannu ake bin sa. Ga kwano mai faɗi, ga ruwa garai-garai a ciki. Daga Kano har Maraɗi, ka shiga kowace rumfar mai tuwo, in an dire maka kwanon ruwa kafin ka fara ci, ba sai an yi maka tafsiri ba. Wa zai gaya mini cewa cokulan suna cikin wata 'yar aljihun tebur a gefe, ƙasa da gwiwar hannuna? Wane irin mutum ne yake ɓoye cokali a durowa kamar takardar fili? Ita kuwa 'yar jiƙaƙƙiyar takardar goge hannu da aka ba mu a cikin leda, tun shigowarmu na jefa ta a aljihu, na ɗauka tsaraba ce.

Na nannaɗe hannun riga. Na yi bisimilla. Na tsoma dama.

Sanyin da ya ratsa ni sai da na ji shi a haƙori. Har da ɓarɓashin ƙanƙara a saman ruwan. Na ce a raina, ikon Allah, a wannan hunturu na Disamba da numfashi ke fita kamar hayaƙi, a rasa ɗan ruwan ɗumi da za a ba baƙo? Amma baƙo ba ya tsegumi. Na daure, na ɗaga kai na yi wa tsohuwa murmushi. Na ga nata murmushin yana nan, sai dai ya tsaya cak, kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar fim.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Mutum zai iya cewa hannunsa ne ya zame. Amma sai na lura da wasu fararen gutsattsari masu kusurwa huɗu suna yawo a cikin ruwan, an yanka su daidai wa daida, sumul-sumul. Na ce kai, ka ga mutanen da suka ci gaba, har sabulu sun yanka wa kowa nasa. Na kamo ɗaya. Na tsoma hagu. Na shiga murzawa.

Bai yi kumfa ba.

Na sake murzawa, tafi da baya, na bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya yadda ma'aikatan lafiya suka koya mana lokacin korona. Shiru. Na ce wataƙila wannan ya daskare ne, na sake shi ya koma ruwa, na zaɓo wani wanda ya fi shi girma. A lokacin ne fason da sanyi ya yi mini a bayan hannu ya fara zogi, raɗaɗi na gaske. Maimakon wannan ya farkar da ni, sai na ƙara gamsuwa: ashe har maganin kashe ƙwayoyin cuta suka zuba. Wani koren barkono ya taso ya gogi babban yatsana, na ture shi gefe, na ce ado ne. Warin tafarnuwa ya bugi hancina, na ce kowace ƙasa da irin turarenta.

Na gama. Na ɗaga hannuwa na yarfe su a cikin kwanon, sau biyu, don kada in ɗiga musu a tebur, saboda ni mutum ne mai tarbiyya. Sannan na tura kwanon gaban tsohuwa, na ɗan rusuna, na faɗi kalmar godiyar nan guda ɗaya da na haddace, kamsahamnida, na kuma yi mata alamar tawul.

Ban taɓa sanin gidan abinci zai iya yin shiru haka ba. Cokula suka tsaya a iska. Matar ɗan gidan ta ƙame da faranti a hannu. 'Yar jikar nan ta ɗago kai, fensir a baki. Ba abin da ake ji sai kitsen kifi yana ɗiga a wuta daga waje. Tun jiya nake sake kallon wannan wuri a raina, kuma kullum abin da ya fi ci mini rai shi ne alamar tawul ɗin. Wankin hannun kuskure ne. Neman tawul kuwa, wannan isa ce.

Yaron ya shigo yana mai da waya aljihu. Ya dube ni, ya dubi kwano, ya dubi tsohuwa.

"Kawu, me ka yi?"

"Hannu na wanke."

"A ina?"

Na nuna masa.

"Kawu," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "sha ake yi."

Ya zauna ya yi mini bayani cikin raɗa, irin raɗar da ta fi ihu ciwo. Sunan abin donchimi. Kimci ne shi ma, amma na ruwa, ba a sa masa jan barkono. Fararen da na ɗauka sabulu wata saiwa ce da suke kira mu, ana jiƙa ta da gishiri da tafarnuwa da citta da albasa mai lawashi da 'ya'yan itacen fiya, a rufe a tulu makonni har ruwan ya yi tsami. A farkon hunturu ake haɗa shi, lokacin da gidaje ke taruwa su yi kimcin da zai kai su bazara, al'adar da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2013. Kuma wannan kwanon ba ya cikin abin da ake sayarwa. Na gidan ne, wanda su da kansu suke sha. Tsohuwa ta ɗebo ne musamman don yaron ya gaya mata tun shekaranjiya cewa kawunsa zai zo daga Afirka.

Na miƙe tsaye, hannuwa na ɗiga. Duk Turancina ya gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Iya, don girman Allah ki yi haƙuri." Da Hausa. Ta dube ni, ta buɗe baki, ta rufe, sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta juya ta shige madafa, daga can muka jiyo dariya har da buga tukunya.

To a nan ne gwanina ya shigo maganar. Wani dattijo ne a teburin kusa da mu, sanye da jar rigar hawan dutse, ga koriyar kwalba a gabansa ta kusa ƙarewa. Ya jawo kujerarsa ba tare da an gayyace shi ba, ya dafa kafaɗar yaron ya ce ya fassara mini, kada ya rage komai.

Ya ce in kwantar da hankalina, ruwan nan magani ne. A zamanin ƙuruciyarsa, shekarun 1960 da 1970, da wannan kwal ɗin da ake gasa kifi ake ɗumama ƙasan ɗakuna. In daɓe ya tsage, hayaƙin ya shigo cikin dare, sai a wayi gari mutane a sume, wasu ma ba sa tashi. Abin da ake fara yi shi ne a fito da mutum waje a ɗura masa ruwan donchimi. Saboda haka, in ji shi, duk ranar da hayaƙin kwal ya kama ni, in nemi wannan.

Na ce a gaya masa na gode, amma a garinmu zafi muke nema wa magani. Yaron ya ƙara da nasa, cewa likitoci sun daɗe da cewa abin ba ya aiki. Na ce wannan kada ka fassara masa.

Dattijo ya ci gaba. Ya ce kuskurena ɗaya ne: ban zo da gasasshen dankali mai zaƙi ba, don da shi donchimi ya fi tafiya, yana hana shaƙewa. Na rasa ta inda dankali zai gyara wankin hannu, amma na gyaɗa kai. Ya ce kuma in na dawo da rani, in ce a zuba mini taliya a ciki. Ya ɗan yi tunani, ya kurɓi abin kwalbarsa, sannan ya ce su a Koriya sun yarda daɗin girki daga hannun mai girki yake fitowa, to yanzu wannan kwanon ya samu hannu biyu, nata da nawa, babu irinsa a duk Seoul. Ya yi dariya shi kaɗai har da tari.

Ina cikin goge hannu da takardar da na zaro daga aljihu, wadda yanzu na gane amfaninta, sai na ji yatsana wayam. Zoben azurfata babu. Sanyi ya tsuke yatsan, murzar sabulu ta ƙarasa aikin. Muka leƙa kwano mu uku. Ga shi can a ƙasa yana ƙyalli, tsakanin sabulu na farko da na biyu.

Na ɗaga hannu zan tsoma. Yaron ya riƙe ni da ƙarfi. "Kawu, ya isa."

Dattijo ya ce a bar masa. Ya jawo durowar nan, ya zaro sanduna biyu na ƙarfe, ya ɗaga su sama kamar mai shirin yin tiyata. Ya ce in kalla da kyau in koya. Sinawa da Japanawa da sandunan itace ko na roba suke ci, Bakoriye kuwa da na ƙarfe masu santsi, kuma wanda ya iya ɗaukar ƙwayar wake da waɗannan babu abin da zai gagare shi. Shi ya sa, in ji shi, matan Koriya suke lashe zinaren harbin kibiya na ƙungiya a gasar Olamfik tun daga 1988 ba fashi. Daga sandar cin abinci abin ya samo asali.

Ya tsoma. Zobe ya zille. Ya sake, ya kamo barkono. Ya gyara tabarau, ya ce hasken shagon ne ba shi da kyau. Ya kamo zoben, ya ɗago shi har ya leƙo saman ruwa, duk shagon aka riƙe numfashi, sai ƙwal, ya koma. Ya ce laifin zoben ne, ya cika santsi, in zan sake saye in nemi mai gefe-gefe. Ya kuma ba ni shawara ta ƙarshe, da fuska a murtuke, cewa nan gaba in zan yi irin wannan, in fara cire zobe.

Tsohuwa ta fito tana share hawaye da gefen atamfar girkinta, ɗauke da sabon kwano. Ta ajiye shi a can ƙarshen tebur, gaban yaron, inda hannuna ba zai kai ba, ta saka cokali a ciki, ta nuna mini cokalin, ta nuna bakinta, a hankali, yadda ake yi wa ɗan yaye. Sannan ta dubi dattijo yana ta fama, ta yi tsaki, ta ture shi gefe, ta zura hannu cikin tsohon kwanon har wuyan hannu, ta tsamo zoben ta dire mini.

Na juya wajen yaron. "Ka gani ko? Ita ma ta sa hannu."

"Kawu, don Allah ka ci kifinka."