Madalla da Kwamitin Tantancewa

Idan mutane suka yi aikin a zo a gani, kamata ya yi a yabe su suna raye, kada a bari sai ranar zaman makoki. Shi ya sa yau nake jinjina wa kwamitin da ƙungiyarmu ta gama-kai ta ɗora wa nauyin tantance sababbin shiga. Mun ce su zaɓo mana masu kishin tafiyar nan, waɗanda za su riƙe ta da hannu biyu har kowa ya ga ɗakinsa. Sun kuwa zaɓo. Allah ya saka musu da kwatankwacin abin da suka yi mana.

Galibinmu ƙananan ma'aikata ne a Kano: malaman firamare, masinjoji, ma'aikatan jinya, direbobi, sai 'yan tireda kaɗan. Muna zubi duk ƙarshen wata kamar adashe, sai dai mu ba mai kwasa. Tarawa ake yi a sayi gona a bayan gari, a kira safiyo ya yanka ta fuloti-fuloti, a bi takardu, sannan a haɗa kuɗi a sari bulo da siminti. Da yawanmu ana cire musu kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa da dokar 1992 ta kafa, amma rancensa yana son takardar mallaka, ita kuwa tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 sai da sa hannun gwamna take fita. Wasunmu ma ba sa kusantar kuɗin ruwa ko na sisi. Mai albashin naira 70,000 ba zai iya wannan fafutukar shi kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da muka samu ƙarin fili, sai aka ce a buɗe ƙofa, a shigo da wasu masu buƙata irin tamu.

Basirar kwamitin ta fara bayyana ne tun daga yadda suka gano inda kishi yake zama a jikin ɗan Adam. Mutanen da suna cewa a zuciya yake, ana kuma gane shi a ƙafa, wato wanda ke zuwa taro ko ana ruwa, da hannu, wato wanda ke zubi ba fashi ko da kaɗan ne. Kwamitinmu ya yi bincike ya gano a aljihu yake. Sai suka tsauwala kuɗin fom, suka ce a biya zubin wata shida a dunƙule, a kawo takardar banki, a kuma kawo mai tsayawa wanda ya kai babban mataki a aikin gwamnati. Wannan rariya ce mai kyau ƙwarai. Duk wanda gidan haya ya tatse, wato duk wanda aka kafa ƙungiyar dominsa, ta tace shi ta zubar.

Na ga aikinsu da idona ranar ganawa da masu nema. Akwai wata dattijuwa, mai shara ce a wata makaranta, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu a ɗaki ɗaya. Ta fi shekara tana zuwa taronmu tana zama a bencin baya alhali ba ta cikinmu, jira kawai take a buɗe ƙofa. Ranar ta zo da wani littafin rubutu a ƙunshe cikin leda, gefensa duk ya cinye. Littafin adashenta ne, kowane layi da sa hannun uwar adashe, babu makon da ya faɗi.

"Baba, wa zai tsaya miki?" in ji shugaban kwamiti, idonsa na kan waya.

"Ranka ya daɗe, uwar adashenmu ta ce za ta tsaya."

"Tana mataki na nawa?"

"Ƙuli-ƙuli take sayarwa, ranka ya daɗe."

"To Baba, ki je za a neme ki."

Ko leda ba su bari ta kwance ba. Dubi wannan tausayi: sun hutar da ita daga wahalar bayani, sun hutar da kansu daga wahalar karatu. Ta durƙusa ta yi godiya, ta mayar da littafin cikin mayafi ta fita.

Bayan fitarta sai ga wani yaro da fom huɗu a hannu. Ɗaya na maigidansa, biyu na iyalin maigidan, na huɗun na ɗan maigidan da ke makarantar kwana. Shi Alhajin bai samu zuwa ba, kuma kwamitinmu ba ya takura wa manya. Shugaba ya buga masa waya, har yana ɗan miƙewa daga kujera: "Yallaɓai, barka da hutawa. A'a, ba sai ka taso ba, mun ga saƙo." Da wannan aka kammala tantance mutum huɗu, aka tabbatar dukkansu masu kishi ne. Lallai mai gidaje a cikin birni shi ya fi kowa sanin darajar gida, don haka shi ya fi cancanta da ƙari. Ita Baba da ba ta taɓa mallakar ko ɗaya ba, ina ta san yadda ake riƙe shi?

Sai kuma wani matashin malami da ya cika duk sharuɗɗan, har da rance ya ci don ya haɗa zubin wata shidan. Kuskurensa ɗaya: da aka ce ko yana da tambaya, sai ya ɗauka da gaske ake. Ya nemi ganin kundin dokokin ƙungiya da rahoton kuɗi na bara, ya kuma tambayi yadda ake raba fulotai, ƙuri'a ake jefawa ko yaya. Kwamiti ya dubi juna. A gefen fom ɗinsa aka rubuta cewa da wuya ya ba da haɗin kai. Hangen nesa ke nan. Mutumin da tun bai shigo ba yake tambayar ina kuɗi suka shiga, in ya shigo ai har rasit zai nema.

A 1844 wasu talakawa 28 a garin Rochdale na Ingila, da yawansu masaƙa, suka kafa ƙungiyar da har yau duniya ke koyi da ƙa'idojinta: ƙofa a buɗe ga duk mai son shiga da ɗaukar nauyi, kuma mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, komai yawan kuɗinsa. A Nijeriya tun 1935 aka yi wa irin waɗannan ƙungiyoyi doka. Kafin duk wannan ma kakanninmu suna da gayya. In za a yi wa mutum ɗaki, wani ya kwaɓa ƙasa, wani ya yi tubali, mata su kawo ruwa da fura, kuma abin da ake dubawa kawai shi ne, ranar gayyar wani, ka fito? Kwamitinmu ya duba duk wannan tarihi ya ga kuskure ne da aka daɗe ana maimaitawa, ya gyara shi a zama ɗaya.

Ga amfanin nan muna girba. Sababbin 'yan ƙungiyarmu mutane ne masu kawaici, ba su taɓa damun taro da zuwa ba. Da muna shafe sa'o'i ana muhawara, yanzu muna zama, a ƙirga kawuna, a ga ba su kai adadin da doka ta ce ba, a yi addu'a a watse. A haka shawarar sarin siminti ta yi ta ɗaguwa daga wata zuwa wata, har buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024, kuɗin da zai kai mu linta ya koma ko harsashi ba zai rufe ba. Sababbin shigar kuwa ba su bar fulotansu sun zauna banza ba. Takardun suna hannun dillalai, an ninka farashi, har wani cikinmu an taɓa yi masa tallar filin da ke jikin nasa. Rana ɗaya tak suke cika zauren, ranar zaɓen shugabanni. Ranar za ka ga motoci har bakin titi, fuskokin da ba ka taɓa gani ba suna ɗaga hannu a tare, waɗanda suka tantance su su koma kujerunsu. Wa ya ce babu amana a zamanin nan?

Abin yana ci mini rai, domin na san me ake nufi da haya. Na san dare na ƙarshen shekara da mutum ke kwana yana lissafi, na san yadda ake kwashe kayan mace a zuba a waje yara na kallo. Duk fulotin da ya tafi hannun dillali, ɗakin wani maraya ne aka sayar tun ba a gina shi ba.

Kafin damina muka kira aikin gayya don haƙa magudanar ruwa a filin, kada zaizaya ta cinye mana iyakoki. An aika wa kowa saƙo. Cikin sababbin da aka tantance babu wanda ya leƙo, ko da yake ɗaya ya aiko a gaishe mu. Mu tsofaffin muka kama diga da shebur. Wajen hantsi muka hango wata tafe da bokiti a ka, ta sauka daga mota tun a bakin kwalta ta taka sauran da ƙafa. Baba ce, da kunun tsamiya da kofuna a leda. Ta zuba wa kowa, ta tsaya tana kallon turakun da safiyo ya kafa, ɗaya bayan ɗaya. Can ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Malam, don Allah in an sake buɗe fom ka sanar da ni. Na kusa haɗa na wata shidan."