Zuwa ga Bazazzagen da ke neman injin Supra

Bazazzage bawan Kanawa! Labari ya iso mana cewa injin tsohuwar BMW ɗinka, E36 ɗin nan da ta girmi ɗan farinka, ya buga. Maimakon ka kai ta garambawul kamar kowane mai hankali, wai ka rantse sai ka dasa mata injin turbo. An ce kullum bayan la'asar kana majalisa a Kwangila kana zuba Turanci, daga 2JZ sai RB26, alhali kwanon fatenka na gefe yana hucewa.

Na san inda cutar ta samo ka. Tun da ka kalli The Fast and the Furious na 2001 ka ga Supra mai ruwan lemo, hankalinka bai dawo ba. Kuma duk da ba a saba jin Bakano ya yabi zaɓin Bazazzage ba, injin nan ya cancanci sunansa. Toyota ta fara saka 2JZ-GTE a Aristo a 1991, sannan a Supra a 1993. Lita 3 ne, silinda 6 a jere, turbo biyu, gangar jikinsa zubin baƙin ƙarfe. A Japan an rubuta masa ƙarfin doki 280, saboda yarjejeniyar da kamfanonin motocin ƙasar suka yi a tsakaninsu ta kada kowa ya tallata fiye da haka, amma wanda aka kai Amurka 320 ne. Masu wasan mota kuwa suna ninka wannan ƙarfi ba tare da sun buɗe cikinsa ba.

To ga inda nake jiye maka. Injin yana da ƙane, 2JZ-GE, wanda ba shi da turbo, shi ne a cikin tsofaffin Lexus GS300 da IS300 da suka cika titunanmu. Harafi ɗaya ne tsakaninsu a takarda. Ranar da ka shigo Ƙofar Ruwa da tabarau da jakar malaman jami'a, kafin ka gama sallama an gane baƙo ya zo. Za a wanke ƙanen da fetur har ya yi ƙyalli, a ce maka "Alhaji, ɗan Beljiyam ne, jiya ya sauka." Tunda haƙƙin bawa yana wuyan ubangidansa, buɗe kunne. Tsaya a gaban injin ka dubi samansa. In ka ga bututun shigar iska ya haye ta kan murfin ya tsallaka ɗaya ɓangaren, ƙanen ne. Yayan ba ya haka, kuma a gefen salansa za ka ga turbo biyu a manne, ɗaya na bin ɗaya. Kada kuma wani ya ce maka ai sai a ɗaura wa ƙanen turbo shi ke nan. Ana yi, amma fistin ɗinsa ya fi matse iska, kusan 10 da 1 a inda yayan yake 8.5 da 1, ga shi ba shi da 'yan bututun da ke fesa wa ƙasan fistin baƙin mai don ya huce. In ka cika masa iska ba lissafi, a Tashar Yari za ka kwana.

Sauran sunayen da kake rerawa ba sai mun daɗe a kansu ba. RB26 na Skyline GT-R ne, an ƙera shi don mota mai ja da ƙafa huɗu, kaskon mansa ma haɗe yake da giyar ƙafafun gaba, kuma masu dala sun riga ka zuwa layi. SR20DET na Nissan Silvia ba shi da nauyi, lita 2 ne, na ƙarshensu ya kai doki 250, sai dai ka je Panteka ka tambayi gasket ɗinsa ka ga irin kallon da za a yi maka. N54 kuwa ɗan gida ne, BMW ta fito da shi a 2006 a cikin 335i, amma famfon mansa ya wahalar da mutane har kamfanin ya kira motoci gyara a Amurka a 2010. Abin da ya ba Ba'amurke ciwon kai, ina ga mai shan man bumburutu?

Maganar mai ɗin nan ita ce ba ka son ji. Hayaƙin salansa ne ke juya turbo, sau fiye da 100,000 a minti ɗaya, shi kuma ya danna iska cikin injin. Iskar da aka matse zafi take yi, sai ka haɗa da ranar watan Afrilu ta maki 40. In man ba mai kyau ba ne, sai ya kama da wuta kafin fulogi ya ba shi izini, ka ji injin yana ƙas-ƙas, ƙarshenta fistin ya narke. Dole ka sa na'urar sanyaya iska a gaba, ka ƙara girman lagireto, ka riƙa sauya matatar iska saboda ƙurar hunturu. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ni shaida ne lita biyar-biyar kake sha, kana leƙen mita kana salati.

Kuɗin injin ma shi ne ƙarami a lissafin. Akwai giyabos da kulochin da za su ɗauki ƙarfin, da ƙafafun da za a ƙera masa ya zauna, da farfela, da kaskon mai, don na Aristo a gaba yake, sai an tabbatar bai ci karo da sitiyari ba. Sai wayoyi da kwamfutar injin, inda rewayan da ya saba da ɗaure waya da leda zai ce maka "a bar ta zuwa jibi" har damina ta wuce. Birki kuma ban taɓa jin ka ambace shi ba. Saka wannan injin a kan birkinka na yanzu daidai yake da ɗaura wa ingarman hawan daushe linzamin zare.

In ka nace, kuma aljihun ya yarda, sayi rabin gaban Aristo gaba ɗaya, da injin da wayoyi da kwamfutarsa a tare, ka fara gyara birki kafin a kwance ko noti ɗaya. In kuwa albashin nan ne da na sani, nemi M54 na BMW 330i. Ba turbo, amma doki 231 ne, ɗan dangin motarka ne, zai zauna ba rigima mai yawa, kuma ya isa ya kai ka Samaru kafin a tashi daga lacca.

Kuɗin shawara ba na yafewa. Ka haɗa da kuɗin sharar bara da ka maƙale, ka aiko da direban Hiace, don ban yarda motarka za ta wuce Kwanar Ɗangora ba.