Mu da Tsohuwar Motar Gas a Jimeta

Da zarar an gama girbin shinkafa da masara, ko mai shanu ya dawo daga kasuwar Ngurore da ɗan nauyi a aljihu, hirar majalisunmu a Jimeta takan koma kan mota. Kuma mota ɗaya muke nufi: Hilux ko Land Cruiser mai shan gas, wadda za ta ɗauki buhunan taki ta shiga gona a tsakiyar Agusta ta fito. Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin ƙauyukan Fufore ko Toungo da damina, ko ya hau dutsen Mambila zuwa Gembu, ba ya bukatar a yi masa bayanin dalili. Sabuwa ta fi ƙarfin yawancinmu, saboda haka tsohuwa muke nema, wadda ta riga ta ci ɗaruruwan dubban kilomita a hannun wasu.

To ga yadda muke yi. Dillali zai kira ya ce, "Alhaji, ga wata ta shigo, wankakkiya, ta wata ƙungiyar agaji ce." Sai mu tafi bayan la'asar mu uku ko huɗu. Mu zagaya ta, mu shafa fenti, mu daki taya da ƙafa, a kunna mana na'urar sanyi mu ji daɗi, a taka totur injin ya yi ruri, kowa ya gyaɗa kai. Daga nan sai ciniki, wanda za mu iya kwana uku muna yinsa a kan naira dubu ɗari, alhali ba wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta.

Ba rashin sani ba ne. Garin nan cike yake da direbobi da makanikai da suka san motar gas ciki da waje. Kunya ce ke hana mu. Dillalin ƙanin matar maƙwabci ne, mai motar kuma dattijo ne da muke sahu ɗaya a masallaci, kuma mu a Adamawa an raine mu da kara. Idan Baffa ya ce, "Ɗana, wannan motar ba ta taɓa ba ni matsala ba," sai mu ga kamar buɗe bonet ƙaryata shi ne. Ni kuwa ina ganin dubawa ita ce ke tsare zumuncin. Baffa yana iya faɗin gaskiyarsa, amma ba shi ke tuƙa ta ba, yaronsa ne, kuma bai san abin da aka ɗaure da waya a hanyar Ganye ba. Gabar da ke biyo bayan mota ta kwanta sati biyu da saye ta fi zafin 'yar kunyar safiya ɗaya.

Na ce safiya da gangan. Motar gas da asuba ake ganinta, injin na sanyi. Ka ɗora hannu a kansa tukuna. Idan da ɗumi, an riga ka tashe ta, ka ce za ka dawo gobe. Injin gas ba ya da fulogin wuta irin na fetur, matsin iska ne ke kunna man, don haka injin da ringinsa ya cinye yakan yi ta jan sitata kafin ya kama, musamman da hunturu, amma in ya yi zafi sai ya tashi da bugu ɗaya kamar lafiyayye. Ka tsaya bayan salansa. Ɗan baƙin hayaƙi lokacin taka totur ba abin tsoro ba ne a tsohuwar mota, sau da yawa nozul ne ko matatar iska. Shuɗi yana nufin tana ƙona baƙin mai. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya ɗumama shi ne abin gudu, domin yana iya zama ruwa ke shiga ta gasket. Sannan a kwance murfin zuba baƙin mai injin na aiki, a ɗora shi a bakin ramin ba tare da an murɗa ba. In yana ɗan rawa a wurinsa, da sauƙi. In iska ta tunkuɗe shi hayaƙi na bin bayansa, ka sa kuɗin sauke injin a lissafinka. Lagireto kuwa a buɗe shi kafin a tada mota, kada a kuskura a taɓa shi da zafi. Idan kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, wannan motar ba za ta jure watan Afrilun Yola ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Lambar mita ba ta cika burge makanikanmu ba, kuma suna da gaskiya, ana mayar da ita baya. Robar birki da kulochi, da santsin sitiyari, da lotsewar kujerar direba sun fi ta faɗin shekaru. Injin 1HZ mai silinda shida da Toyota ta fara sa wa Land Cruiser a 1990 yakan yi tafiya mai nisa ƙwarai in an kula da mansa, kuma famfonsa na gargajiya ya fi haƙuri da gas ɗin 'yan bumburutu, ga shi ana iya gyara shi a nan gida. Hilux da ta fito daga 2005 mai injekta ta lantarki ta fi gudu da tsimin mai, sai dai gas mai ruwa ko gaurayen kananzir kan kashe injektocinta, kuma kuɗinsu ba wasa ba.

Sai ƙarƙashi, inda muka fi sakaci. A kai ta kan rami a shiga da tocila. Motar da ta yi dakon buhuna fiye da ƙima takan tsage a shasi kusa da mariƙin sifirin, a yi walda a shafe da baƙin fenti. Sabon fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota tambaya ce da ya kamata a yi. Wadda ta zo daga Turai a duba tsatsa, don can gishiri suke watsa wa tituna lokacin ƙanƙara. Tun ambaliyar 2012 da ta 2022, da kogin Binuwai ya cika ya shiga unguwanni da gonaki, ya kamata mu riƙa ɗaga kafet muna neman busasshen taɓo. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a sayi mota don giyar ogzilari, sai ranar da ta kafe a gane farfelar gaba ma babu, an daɗe da cire ta. A gan ta da ido, sannan a kai motar kan yashi a bakin kogi, a kulle ƙafafun gaba, a sa giyar a ga tayoyi huɗu na ja. Kada a gwada a kwalta, yana wahalar da giyar.

Makanike kuma naka za ka ɗauka, ka biya shi kuɗin wuninsa daga aljihunka, ko an saya ko an fasa. Wanda dillali ya kawo yana da rabo a la'ada, ba zai ga aibu ba. Takardu ma a zauna da su: lambar shasi ta jikin ƙarfe ta yi daidai da ta takarda, a kuma tabbatar da takardar kwastan a ofishinsu. Muna bakin iyaka da Kamaru, kuma a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka mota mai araha da ba a san hanyar da ta biyo ba tana iya ƙarewa a hannun jami'ai a shingen farko na hanyar Numan.

In duk ta tsallake, kada a zube wa mai ita kuɗin duka a ce an gama. A rage na satin farko: bel ɗin taimin, wanda in ya tsinke yakan lalata bawul, kuma da wuya ka sami wanda zai iya faɗa maka ranar da aka canza shi, baƙin mai, matatun gas da na iska, man giya da na aksul gaba da baya. Bayan haka sai a kai wa Baffa goron godiya, a kira yara su wanke ta, a fara lissafin buhu nawa za ta ɗauka zuwa gona.