Wandon Aro a Gaban Alhaji

Tun da aka rufe iyakokin Najeriya a watan Agustan 2019, injinan casar shinkafa suka yi ta tsirowa a Kano, duk wanda ya gama bautar ƙasa sai ya kai takardunsa can ya gwada sa'a. Ni ma na kai nawa. Digirina na tattalin arziki ne, amma a lokacin tattalin da nake yi bai wuce na kuɗin kati ba. Ana nan sai ga saƙo a waya: in zo intabiyu ranar Talata da ƙarfe goma a wani kamfani da ke Sharaɗa, suna neman mai kula da sito.

Nan take na faɗa YouTube. Na samu wani Bature mai fararen haƙora yana koyar da sirrin samun aiki: ka riƙe hannun shugaba da ƙarfi, ka zuba masa ido, in ya tambaye ka aibinka ka ce son aiki ne ya yi maka yawa. Na haddace tas da Turanci, ina maimaita wa madubi har tsakar dare. Inna ta ji ni, ba ta ce komai ba. Da asuba dai na tarar da rubutu a kofi a bakin ƙofata.

Saura sutura. Yayana yana da kwat ɗin da ya saya a gwanjon Ƙofar Wambai, ta ulu ce, an ɗinka ta don sanyin Ingila, mu kuwa muna tsakiyar Afrilu. Matsala ta biyu, Yaya siriri ne, ni kuma Allah ya hore mini mazaunai. Sai da na riƙe numfashi kafin wandon ya yarda. Laktaye kuwa duk gidanmu babu wanda ya iya ɗaura shi, sai wani maƙwabcinmu, tsohon magatakardan kotu, ya ƙulla shi a wuyansa, ya zare, ya rataya mini, ya ce, "Yaro, ko gobara ta tashi kada ka kwance."

Kafin adaidaita sahu ta sauke ni na jiƙe sharkaf.

Mutum uku ne a ofishin: manaja, akanta, da Alhaji mai kamfanin, dattijo sa'an mahaifina, yana jan carbi. Na nufe shi da hannu a miƙe yadda Bature ya koya mini. Saura taku biyu sai tarbiyyar gida ta rinjayi ta intanet. Wane ni in damƙi hannun wannan dattijo ina kallon ƙwayar idonsa? Na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, barka da..."

Ɓarrr! Wandon Yaya ya rabu tun daga ƙugu har gwiwar baya. Allah ya taimake ni janareta na ruri a bayan taga, babu wanda ya ji sai ni, sai kuma iskar fanka da ta fara kai mini ziyara. Na ja jiki na manne da kujera.

Na zauna ina jiran a tambaye ni aibina. Babu wanda ya tambaya, kuma ko kalmar Turanci ɗaya ba a yi ba. Alhaji ya turo mini faranti biyu na shanshera, ya ce, "Malam, mota biyu ce a bakin sikeli. Wacce za ka sauke mini?"

A nan Goggona ta cece ni. Duk hutun makaranta a Kura nake yin sa, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonakin shinkafa, ita kuma sana'arta turara shinkafa, ni ne ɗan shanya da korar kaji. Na ɗauki ƙwaya na ciza, ta ce ƙas. Na ciza ta ɗaya farantin, ta lotsa a haƙorina.

"Wannan ba ta bushe ba, Alhaji, ko kuma an yayyafa mata ruwa don ta yi nauyi. In ta kwana a sito za ta yi zafi ta yi funfuna, kuma ruwa ka saya da kuɗin shinkafa."

Manaja ya ɗauko na'urar auna danshi. Ta farko ta tsaya wajen kashi 14 cikin 100, yadda ake so. Ta biyu ta zarce nesa. Akanta ya tambayi abin da buhun shanshera mai kilo 100 ke bayarwa bayan casa, na ce kilo 60 da ɗoriya, sauran ɓuntu ne da dusa.

"To in ƙanina ne ya kawo jiƙaƙƙiyar fa?" in ji Alhaji.

"Sai in auna a gabansa, in rako shi wajenka, ranka ya daɗe. Tsakanin wa da ƙani ba na shiga."

Ya yi dariya har carbin ya faɗi, ya ce in je, za a neme ni.

Tafiyar ce aiki, domin in na juya asiri ya tonu. Na miƙe a hankali, na kare bayana da fayil, na rusuna, na fara ja da baya kamar bafade a gaban sarki, ina "Na gode, Allah ya ƙara girma" har na ci karo da ƙofa. Ina fita na ji Alhaji yana cewa, "Kun ga ɗan gidan tarbiyya! Ko baya bai yarda ya ba ni ba."

A bakin ƙofa na tuɓe kwat na ɗaura a ƙugu, maigadi na kallona.

An ba ni aikin. Sai dai tun daga ranar ba ni da ikon fita daga ofishin Alhaji da gaba, kuma duk sabon ma'aikaci sai an ce ya koyi ladabi a wajena, shi ya sa rabin kamfanin ke hararata. Yaya kuma ya ƙi karɓar ɗinki. Albashina na farko, da kuɗin wando aka fara.