Idan Fim Ya Ƙi Fitowa a Gaban Surukai: Jagorar Maigida Mai Neman Fita Kunya

Akwai jarrabawar da ba a koyar da ita a makaranta, ba a kuma faɗa wa ango ita ranar ɗaurin aure, amma duk maigidan da ya ajiye na'urar DVD mai cin filas a falonsa sai ya zauna ta wata rana. Ga yadda take zuwa. An ci tuwon dare, an yi sa'a akwai wuta, surukai sun zo, ana so a ga bidiyon bikin ƙanwarka, yara sun jeru a kan leda sun yi tsit. Ka zaro filas daga aljihu cikin ƙasaita, ka soka, ka danna rimot. Allo ya yi baƙi ƙirin. Can sai ɗan gajeren Turanci ya bayyana a tsakiya, yana shaida wa jama'a cewa na'ura ba ta san wannan fayil ba, ba ta kuma da niyyar saninsa.

Na zauna wannan jarrabawa sau da dama, faɗuwata ta fi cina yawa. Shi ya sa na ga ya dace in bar wa na baya abin da na tsinta a hanya.

Mataki na ɗaya: kada fuskarka ta tona maka asiri

Kafin a ceto fim, a fara ceto mutunci. Ka gyaɗa kai a hankali kamar wanda ya san za a rina. Ka zare filas, ka hura masa iska, ka goga shi a bakin riga, ka mayar. Wannan ba ya gyara komai, amma yana saya maka minti biyu. Ka buga rimot a tafin hannu, ka murza batiransa, ga wasu minti biyun. Idan surukinka ya ce, "Ko dai mu haƙura, ɗana?" ka amsa da ladabi, "A'a Baba, yanzun nan zai yi, zafi take ɗauka."

Kada ka mari na'urar. Mari ya yi tasiri a zamanin tsohuwar talabijin mai ƙeya, lokacin da ciwon bai wuce wata waya ta saki a ciki ba. Wannan kuwa rashin jin yare ne, kuma ba a taɓa marin mutum ya wayi gari yana jin Sinanci ba.

Mataki na biyu: kwano daban, abinci daban

A nan gizo ke saƙar. Haruffan nan uku da ke wutsiyar sunan fim, AVI ko MP4 ko MKV, sunan kwano ne kawai. Abin da aka zuba a ciki shi ne hoto da sauti, kowanne an matse shi da wata dabara da ake kira kodek. Dole a matse, domin awa ɗaya ta hoto mai girman na DVD, in an bar ta yadda take, ta haura giga 70. Sai a ƙudundune ta ta koma giga ɗaya ko ƙasa da haka, na'ura kuma ta warware ta lokacin kallo, in ta iya irin ƙullin.

Ka ɗauki na'urarka a matsayin dattijuwa mai ƙarancin haƙori. MPEG-2, wanda ke kan faifan DVD, kunu ne a wajenta. DivX da Xvid tuwo ne, tana ci, muddin an tuƙa shi da laushi. H.264, da aka fitar a 2003, tsire ne, wasu tsofaffin suna taunawa, da yawa ba sa iyawa. H.265 na 2013 kuwa ganda ce. Haƙoran na'ura a jikin ƙwaƙwalwarta aka dasa su tun a masana'anta, ba sa sake tsirowa. To ka ga ashe kwano biyu za su iya zama iri ɗaya, duka MP4, ta cinye na farko tas, ta ture na biyu.

Wannan ne amsar rantsuwar yaron shagon tura fim, wanda zai dafa ƙirji ya ce, "Wallahi Alhaji a nan yana yi." Gaskiya ya faɗa. Kwamfutarsa na da VLC, manhajar nan mai hular lemo da ɗalibai suka faro a Faransa, wadda ke yawo da haƙoranta a aljihu, ko dutse ka ba ta sai ta gwada. Shaidar VLC ba ta karɓuwa a kotun na'urar falo.

Idan shiru ya yi yawa, ka ba baƙi labari. Ka ce musu sunan Xvid ba komai ba ne illa DivX da aka karanto daga baya, kamar yaron da ya yi fushi da gida ya juya sunan ubansa. Ka ƙara da cewa MKV daga 'yartsanar Rasha ya samo suna, wadda in ka buɗe ta sai ka tarar da wata a ciki, tamkar jeren kwanukan amarya. Za a ce kana da ilimi, ko da fim bai fito ba.

Mataki na uku: kada ka canza wa tuwo suna

Wani abokinka mai ƙarfin hali zai ba ka shawara ka goge MKV daga wutsiyar sunan, ka rubuta AVI. Ka gode masa. Ganda dai ganda ce, ko a kwanon tangaran aka kawo ta. Iyakar abin da dabarar ke yi, wani lokaci, shi ne ta sa na'urar da ke ɓoye fayil saboda wutsiyarsa ta nuna shi a jeri. In an yi dace abincin ciki irin nata ne, ta ci. In ba a yi dace ba, ka ƙara wa kanka kunya ta biyu: dā fim ɗin ba ya bayyana, yanzu ya bayyana ya ƙi buɗewa.

Mataki na huɗu: karanta ciwo daga alamarsa

In kana jin guɗa da kiɗan ƙwarya amma allo duhu, ka sayi rediyo da kuɗin talabijin. Na'ura ta gane sauti, hoton ne ya fi ƙarfinta, ko don kodek ɗinsa, ko don girmansa. Tsohuwar DVD iyakarta ɗigo 720 a faɗi da 576 a tsaye. Fim mai 1920 da 1080 raƙumi ne a ƙofar akurki.

In hoto ya fito tar amma jarumai sun zama bebaye, sautin ne aka dafa da DTS ko wani sabon salon Dolby da na'urarka ba ta sani ba. Ka fara danna maɓallin sauya sauti a rimot, domin fayil ɗaya kan ɗauki layin sauti biyu ko uku, wataƙila ɗaya ya yi. In duka sun ƙi, ka naɗa yaron da ya fi surutu a gidan ya riƙa fassara. Ba ka san inda arzikinsa yake ba, a ƙasar da fassarar fim ɗin Indiya ta zama sana'a.

In ƙarar mari ta riga marin sauka, ko baki ya gama motsi sannan magana ta biyo sahu, sauti da hoto sun raba jiha. Yawanci MP3 ne mai gudu yana sauri yana lafawa aka cusa a kwanon AVI, ko kuma bidiyon waya ne, wanda yawan hotunansa a daƙiƙa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

In hoton na sarƙewa, yana farfashewa gida-gida, fuskar ango ta koma kore, wataƙila wanda ya matse fim ɗin ya kunna wasu ƙwarewar Xvid guda biyu, Qpel da GMC. Suna burge kwamfuta, suna shaƙe tsofaffin na'urori.

In launi ya gudu, hoto ya koma baƙi da fari yana gangarawa sama kamar guga, rikicin ƙasa da ƙasa ne. Nijeriya tsarin PAL take bi, mai hoto 25 a daƙiƙa, Amurka kuwa NTSC. Nemi maɓallin da aka rubuta wa N/P a rimot. Kafin nan ka leƙa bayan talabijin, ka tabbatar wayar nan mai ruwan ɗorawa tana ramin hoto, ja da fara suna na sauti. An sha zagin Amurka a kan laifin ƙaramin yaro.

In kuwa amarya ta fito a kwance, ita da ƙawayenta da rumfar gaba ɗaya, da waya aka ɗauka a tsaye. Wayar ta bar ɗan saƙo a cikin fayil cewa a miƙar da hoton, na'urarka ba ta karanta irin wannan wasiƙa. Mafita biyu ce: a juya hoton a kwamfuta, ko kowa ya kishingiɗa ta gefen dama. Kuma in mai ɗaukar hoton ɗan gayu ne mai iPhone, ka sani tun 2017 wayoyin nan ganda suke dafawa, wato H.265, sai in an hana su a saiti.

Mataki na biyar: a binciki ɗan aike

Wani lokaci fim lafiyarsa lau, filas ne munafukin. Tsofaffin na'urori tsarin FAT32 suka sani, shi kuwa ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4. Manyan filas da katin memori da suka haura giga 32 galibi da exFAT suke zuwa, na'urar ta dube su kamar ba a soka komai ba. Magani shi ne a yi fomatin zuwa FAT32. Amma fomatin shara ce mai tafiya da kowa da komai. Ka kwashe abin da ke ciki tukuna, musamman in hotunan sunan ɗan fari na uwargida suna ciki, in ba haka ba matsalarka ta tashi daga ta fasaha ta koma ta zaman aure.

Akwai kuma filas ɗin da ka saya a bakin titi, an rubuta 64 a jikinsa, cikinsa bai fi 8 ba. Yana karɓar duk abin da ka ba shi da fara'a, sunaye su jeru reras, amma fina-finan ƙarshe fanko ne. Araha ba ta ado. Sai bairos ɗin nan na shagunan turi, mai ɓoye fayilolin gaske ya bar inuwarsu: kwamfuta na iya bin inuwar, na'urar falo ba ta bi. In babban faifan ajiya ka jona ya kama ƙyas-ƙyas kamar tsaka, yunwa yake ji, domin ramin USB na tsohon yayi miliamfiya 500 kawai yake bayarwa. In kuma data ce ta ƙare maka ana saura ƙiris a gama saukewa, kada ka ce ai kusan duka ya sauka. Fayilolin MP4 da yawa a ƙarshe suke ajiye taswirarsu, in babu ita duk sauran tarkace ne.

Mataki na shida: suna linzami

Fayil ɗin fassarar rubutu, mai wutsiyar SRT, sai sunansa ya zo daidai da na fim harafi da harafi, kuma suna ɗaki ɗaya, sannan na'ura za ta yarda 'yan'uwa ne. Tsofaffin na'urori kuma ba su san haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai su mayar da su akwati ko alamar tambaya. In ka cire lanƙwasar don a zauna lafiya, ka shirya amsa tambayar surukarka a kan dalilin da ya sa bikin ƙanwa ya koma bikin kanwa. Wasu na'urorin ma haruffa takwas na farko kawai suke nunawa, ka tarar da fayil goma duk suna ɗaya, ka yi ta canki-canka.

Mataki na bakwai: dafa wa tsohuwa abin da za ta iya ci

Bayan baƙi sun tafi, ga aikin gaske. Ka nemo ɗan littafin da ya zo a kwalin na'urar, in ba a riga an ƙunshe ƙosai da shi ba, a ciki aka jera abin da take ci. Ka buɗe fim ɗin da manhajar MediaInfo, ita ce mai ɗaga murfin kwano ta gaya maka abin da ke ciki. Hanya mafi sauƙi ma, ka duba wani fim da na'urar ta taɓa kunnawa lafiya, ka kwaikwayi girkinsa.

Ga tsohuwar DVD: kwanon AVI, hoton Xvid, faɗi kada ya wuce 720, ba Qpel ba GMC, sautin MP3 mai gudu ɗaya, girman fayil ƙasa da giga 2. Ga talabijin mai ramin USB: kwanon MP4, hoton H.264 na bit 8, sautin AAC mai lasifika biyu. HandBrake kyauta ce kuma ta iya na biyun, amma ta daina girkin AVI tun 2009, don haka na farkon sai FFmpeg ko makamanciyarta. Ka fara juya minti ɗaya ka gwada, kada ka kwana kana gadin kwamfuta a kan girkin da za a ture. Ka kuma adana na asali, domin kowace juyawa ɗumame ce, tana rage wani abu, kuma ɗumamen ɗumame ba ya komawa sabon tuwo.

Ni kwana uku na yi a kan bikin ƙanwata. Sau biyu ana ɗauke wuta aiki na dab da kammala. Daren na uku na gwada ni kaɗai, ƙofa a rufe, na ga amarya a tsaye, launi ya dawo, guɗa na fita daidai da bakin mai yin ta. Washegari na aika a ɗauko surukai, na sayo lemo, na soka filas da bismilla. Ya yi. Na waiga in karɓi jinjina, sai na tarar Baba ya fara gyangyaɗi tun ba a gama nuna kamu ba. Hajiya kuwa ta dube ni da tausayi ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗan nan. Ai tun ranar da muka zo matarka ta nuna mana shi a wayarta, a kicin, kana can kana hura wa abin nan iska."